Lasisi, patanti da ƴancin sana'a: abin da doka ta ce, da inda ɗan kasuwar Gure zai kai kuka

A watan Oktoba na 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. A watan Mayu na 2025, ana shirin sallar layya, ma'aikatar kasuwanci ta hana fitar da bisashe. Hukumomi sun ce manufar ita ce a wadata kasuwannin cikin gida domin farashi ya sauko wa talaka. A gundumar Gure ta jihar Damagaram, inda kiwo ne babbar dukiyar jama'a, kuma kasuwannin Najeriya ne mafitar bisashe tun kaka da kakanni, matakan sun sake tayar da wata tsohuwar tambaya: ina iyakar ikon hukuma na hana mutum sana'arsa ko gindaya masa sharaɗi, kuma in ta wuce iyakar, wa ake kai wa ƙara?

A tsarin shari'ar da Nijar take bi, ƴancin kasuwanci da sana'a shi ne asali. Hani, lasisi da izini togaciya ne, kuma kowace togaciya sai ta dogara da doka da kuma dalilin amfanin jama'a. Akwai hanyoyin ƙalubalantar wadda ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, sai dai hanyoyin suna da nisa daga Gure, wasunsu kuma sun rufe tun 2023.

Gure da abin da take sayarwa

Garin Gure yana ƙasar Muniyo, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Daga nan zuwa Yamai tafiyar ta haura kilomita 1000. Mangawa, Hausawa, Fulani, Tubawa, Buzaye da Larabawa ne ke haɗuwa a kasuwannin yankin irin su Gidigir, Subdu da Kazowe. Abin da ke ci a kasuwannin shi ne raƙuma, shanu, tumaki da awaki, sai kanwa da dabino daga kwaruruka, sai ƙaro, gero da wake. Akasarin masu wannan hada-hada ƙananan ƴan kasuwa ne da dillalai waɗanda sunansu ba ya cikin kowace rajista. Su ne kuma suka fi jin nauyin kowace sabuwar takarda da aka ce sai an mallaka.

Abubuwa huɗu da ake rikitawa

A bakin jama'a duk takardar da hukuma ta nema "lasisi" ce. A wajen doka abubuwa huɗu ne dabam-dabam, kuma sanin bambancinsu shi ne matakin farko na kare kai.

Na farko rajista ce. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA masu dokar kasuwanci iri ɗaya, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 17 ga Oktoba 1993. Dokar ta ce ɗan kasuwa ya shigar da sunansa a rajistar kasuwanci ta RCCM a ofishin magatakardan kotu. Gyaran da aka yi wa dokar a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 ya kawo wani sabon matsayi domin ƙananan masu sana'a, wanda ake kira "entreprenant" da Faransanci. Mai wannan matsayi sanarwa kawai zai yi cewa ga sana'ar da yake yi, kuma dokar ta ce sanarwar kyauta ce. Rajista shaida ce ta cewa mutum yana kasuwanci. Ba roƙon alfarma ake yi ba, domin magatakarda ba shi da ikon ƙin karɓar wanda takardunsa suka cika don kawai masu irin sana'ar sun yi yawa a gari.

Na biyu haraji ne: patanti, harajin dunƙule na ƙananan ƴan kasuwa, da kuɗin tikitin kasuwa da ma'aikatar magajin gari ke karɓa. Haraji biya ake yi a karɓi rasit. Wanda ya biya ya sauke nauyi, wanda bai biya ba ana binsa bashi da tara.

Na uku shi ne izini na ainihi, wanda in babu shi sana'ar ta haramta. Buɗe gidan sayar da magani, sayar da magungunan dabbobi, kafa gidan mai, tuƙa motar haya, saran itace domin sayarwa, duk suna cikin wannan rukuni. A nan ne hukuma take iya cewa e ko a'a, kuma a nan ne rigingimu suka fi tashi.

Na huɗu babakere ne, wato doka ta keɓe wa kamfani ɗaya wata kasuwa baki ɗaya. Misalin da kowa ya sani a yau shi ne kamfanin SONIDEP, wanda aka kafa a 1977, kuma ta hannunsa man fetur ke bi kafin ya isa gidajen mai, har da man da matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011.

Inda ƙa'idar ta samo asali

Kalmar patanti da ƙa'idar ƴancin sana'a uwa ɗaya ta haife su. A watan Maris na 1791, lokacin juyin juya halin Faransa, aka kafa dokar da ake kira ta d'Allarde. Kafin ita, ƙungiyoyin masu sana'a ne ke yanke wanda zai zama maƙeri, majemi ko mai gasa burodi a gari. Dokar ta rushe wannan tsari, ta ce kowa yana da damar yin cinikin ko sana'ar da ya ga dama, da sharaɗin ya biya patanti kuma ya bi ƙa'idojin kiyaye zaman lafiya da lafiyar jama'a.

Hukunce-hukunce uku na kotun ƙoli ta sha'anin mulki a Faransa ne suka fayyace ma'anar wannan ƴanci. A 1930 ƙungiyar ƙananan ƴan kasuwar garin Nevers ta kai ƙarar ma'aikatar magajin gari da ta buɗe shagunan sayar da abinci, kotu ta ce hukuma ba ta shiga ciniki ta yi gasa da talakawa sai in akwai wata larura ta musamman. A 1933, a shari'ar Benjamin, kotu ta ce duk hanin da hukuma za ta yi don kiyaye doka da oda kada ya wuce girman haɗarin da ake tsoro. Ranar 22 ga Yuni 1951 kuma aka yanke shari'ar Daudignac. Magajin garin Montauban ya ce masu ɗaukar hoto a kan titi sai sun nemi izininsa. Kotu ta ce yana iya hana su wasu tituna a wasu lokuta in cunkoso ya sa, yana iya hana su ɗaukar hoton wanda bai yarda ba, amma ba shi da ikon ƙirƙiro izini ga sana'ar da doka ba ta ce a nemar mata izini ba.

Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalin Nijar ba. Amma tsarin shari'ar mulki na ƙasar daga can aka gado shi, ana karantar da su a tsangayar shari'a ta jami'ar Abdou Moumouni, kuma lauyoyi suna kafa hujja da su. Darasin Daudignac ya shafi kowace ma'aikatar magajin gari: tsara wurin zama a kasuwa, lokacin yanka a mahauta, ko wurin tsayawar ƴan kabu-kabu aikinta ne, amma zaɓen wanda zai yi sana'a da wanda ba zai yi ba sai da ikon da doka ta ba ta a fili.

Zamanin SONARA da COPRO

A ƙasa, ƴancin da aka rubuta a 1791 bai iso Muniyo da Damagaram da wuri ba. A zamanin mulkin mallaka, cinikin gyaɗa yana hannun manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da masu saye da aka amince wa, a lokacin da hukuma ta buɗe da wuraren da ta tsayar. Ɗan ƙasa yakan shiga ne a matsayin yaron kamfani.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta nemi ƙwace kasuwar daga hannun baƙi ta hanyar kafa kamfanonin ƙasa. A 1962 aka kafa SONARA aka ba ta babakeren fitar da gyaɗa, aka kafa COPRO-Niger wadda daga baya ta riƙe shigo da kayan masarufi irin su sukari, gishiri, shayi da fulawa. A 1970 aka kafa OPVN domin hatsi. Ƙaro, wanda ake ɗiba daga itatuwan ɗakwara a yankin da ya taso daga Gure zuwa Gudumariya da Maine Sorowa, shi ma ta hannun COPRO yake fita waje. Mai ɗibar ƙaro a daji ba shi da zaɓin mai saye a hukumance, kuma farashi daga Yamai ake yanko shi.

Tsarin ya yi wasu amfanoni. Ya sa sukari da gishiri sun isa garuruwa masu nisa a farashi kusan ɗaya, ya samar wa baitulmali kuɗi, ya rage ƙarfin kamfanonin waje. Amma ya haifar da rukunin ƴan kasuwa masu takardar amincewa, waɗanda arzikinsu ya rataya a kan kusanci da masu sa hannu. Masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya bi diddigin wannan alaƙa a littafinsa kan alhazan Maraɗi da ya fito a 1986. Wanda bai samu takarda ba, ko manomin da ya ga farashin Najeriya ya fi na hukuma, sai ya bi ta daji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk lokacin da farashin hukuma ya yi nisa da na kasuwa, fasa-ƙwauri ne ke cike giɓin. Bayan fari na 1973 da 1974 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, an mayar da SONARA kan wake, labarin bai sake ba.

A tsallaken iyaka ma haka abin yake. Hukumomin sayen amfanin gona na Najeriya suna da nasu wakilai masu lasisi, waɗanda suka tara dalar gyaɗa a Kano, har aka rushe hukumomin a 1986.

Yadda aka saki kasuwa

Faɗuwar farashin uraniyom a farkon shekarun 1980 ta jefa Nijar cikin bashi. Gwamnatin Seyni Kountché ta shiga yarjejeniya da asusun lamuni na duniya a 1983, sannan da bankin duniya a 1986. Cikin sharuɗɗan akwai sakin kasuwa. COPRO ta rasa babakerenta, SONARA ta durƙushe, aikin OPVN ya koma ajiyar hatsin ko-ta-kwana. A 1990 aka saki shigo da kaya da fitar da su daga tsarin lasisi. Bayan babban taron ƙasa na 1991, gwamnatin riƙon ƙwarya ta kafa doka mai lamba 92-025 ta 7 ga Yuli 1992 kan farashi da gasa, wadda ta mayar da sakin farashi asali, ta bar wa gwamnati ikon tsayar da shi a wasu kayayyaki kawai. A 2015 aka yi dokar kare masu saye, aka kuma kafa kotun kasuwanci ta Yamai. Doka mai lamba 2019-56 ta 22 ga Nuwamba 2019 ce ta sabunta tsarin gasa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne manyan shingayen kasuwanci a Nijar sun faɗi ne ta hanyar shawarar gwamnati, matsin masu ba da bashi da kuma asarar da kamfanonin suka tafka. Ba hukuncin alƙali ne ya rushe SONARA ko COPRO ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa har yau ɗan kasuwa in an matsa masa yakan nufi gidan sarki, ofishin sandika ko gidan rediyo kafin ya tuna da kotu.

Sakin kasuwar ma ba duka alheri ya zama ba. A harkar ƙaro, bayan janyewar COPRO, ciniki ya koma hannun masu saye barkatai, ƙaro mai yawa ya riƙa tsallakawa Najeriya ba tare da lissafi ba, har gwamnati ta koma neman dabarun farfaɗo da shi a shekarun 2000.

Dokar UEMOA ta gasa

A kan dokokin ƙasa akwai na ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa, wadda aka kafa a Dakar ranar 10 ga Janairu 1994, kuma har yanzu Nijar tana cikinta. Aya ta 88 ta yarjejeniyar ta haramta abubuwa uku: haɗin baki tsakanin kamfanoni domin kashe gasa, amfani da ƙarfin kasuwa wajen danne wasu, da tallafin gwamnati da ke fifita wani kamfani a kan sauran. Aya ta 92 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar kafa sana'a a sauran ƙasashen. Ƙa'idojin aiwatarwa na 23 ga Mayu 2002 sun ƙara da cewa gwamnatoci da kansu ba su da damar ɗaukar matakin da zai taimaka wa kamfanoni kauce wa gasa.

A wani ra'ayi da ta bayar ranar 27 ga Yuni 2000, kotun ƙungiyar da ke Wagadugu ta ce hukumar zartarwar UEMOA ce kaɗai ke da hurumin hukunta waɗannan laifuka uku. Hukumomin ƙasa bincike da taimako ne nasu. Kowane mutum ko ƙungiya na iya aika koke ga hukumar, kuma ta taɓa taka wa gwamnati birki. A 2010 ta nemi Senegal ta janye wata ƙa'idar ingancin man girki wadda a zahiri ta toshe wa manjan da ake shigowa da shi daga Kodibuwar hanya.

Ga mutanen Gure wannan doka tana da iyaka babba. Najeriya ba ta cikin UEMOA. Ƙa'idojin ƙungiyar da suka hana toshe zirga-zirgar kaya tsakanin mambobi ba su shafi raƙumi ko ragon da aka nufa da shi Maigatari ko Nguru ba. Kuma ko tsakanin mambobi, yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa damar taƙaita ciniki saboda tsaro, lafiya ko zaman lafiya.

Yaushe lasisi ke da hujja

Ba kowane lasisi ne zalunci ba. Wanda ya taɓa rasa garke saboda allurar jabu ya san amfanin sa ido kan masu sayar da maganin dabbobi. A yankin da tuddan rairayi ke cinye kwaruruka da gonaki, dokar 1992 da ta tsara cinikin itace ta kasuwannin karkara da dokar gandun daji ta 2004 suna kare abin da kowa ke ci daga gare shi.

Tambayoyin da alƙali ke yi, su ne kuma ya kamata ɗan kasuwa ya yi wa kansa. Wace doka ce ta ba wanda ya sa hannu wannan iko? Wane haɗari ne ake neman kawarwa? Sharaɗin da aka gindaya yana da alaƙa da haɗarin? Babu wata hanya mai sauƙi da za ta kai ga manufa ɗaya? An yi wa kowa daidai, ko an ware wasu?

Tambaya ta uku ce ta yi aiki a wata shari'a a Amurka da za ta ba matan Hausa mamaki. A jihar Kaliforniya doka ta ce mai kitso sai ta yi awa 1600 a makarantar gyaran jiki kafin ta karɓi kuɗi a kan aikinta, alhali kusan ba a koyar da kitso a makarantun. Wata malamar jami'a mai suna JoAnne Cornwell ta kai ƙara, kuma a 1999 kotun tarayya a San Diego ta ce sharaɗin ba shi da alaƙa ta hankali da lafiyar jama'a a irin aikin da take yi.

Tambaya ta huɗu kuma jihar Difa, maƙwabciyar Gure ta gabas, ta ɗanɗana ta. Bayan hare-haren Boko Haram na Fabrairu 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi bisa dalilin cewa ƴan bindiga na samun kuɗi daga ciki. Dalilin tsaro ne, kuma doka ta san shi. Amma dubban manoma, masunta da direbobin da ke bi ta hanyar Gure zuwa Damagaram sun rasa abin yi. Hukumomi da kansu suka ɗage hanin tattasai a 2017, na kifi a 2019, bayan koke-koken jama'a da ƙungiyoyi. Hanin da ke da hujja ranar da aka kafa shi yana iya rasa ta in ya daɗe fiye da larurar.

Shingen da ba hukuma ta gina ba

Wani lokaci mai hana mutum shiga sana'a ɗan'uwansa ne mai sana'a. Sarkin pawa, sarkin dillalai da sarkin tasha suna da tsohon matsayi a garuruwan Hausa da Barno. Suna sasanta rikici, suna tsaya wa baƙo, suna gane dabbar sata. Layin da direbobi ke bi a tasha yana ba mai tsohuwar mota damar samun lodi kamar mai sabuwa. Waɗannan amfanoni ne na gaske.

Matsala tana farawa ne in ƙungiya ta yanke farashi ɗaya ta tilasta wa kowa, ko ta hana sabon shiga don kawai kada a raba ciniki da shi, ko ta sa kuɗin shiga da babu mai iya biya sai ɗan gida. Irin wannan yana iya faɗawa cikin haɗin bakin da dokar gasa ta haramta, ko da al'ada ta saba da shi. Shiga sandika ƴanci ne, ƙin shiga ma ƴanci ne, kuma katin ƙungiya ba ya zama lasisin hukuma sai in wata doka ta ce haka.

Matakan ƙalubalantar hukuncin hukuma

Mataki na farko shi ne samun hukuncin a rubuce, da lambarsa, ranarsa da sunan wanda ya sa hannu. Umurnin baki yana da wuyar kaiwa gaban alƙali. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit, duk kayan da aka kama a nemi takardar kamu.

Na biyu shi ne koke ga hukumar kanta. Tsarin Nijar ya daɗe yana sharɗanta wannan kafin a je kotu: a rubuta wa wanda ya yanke hukuncin ya sake dubawa, ko a rubuta wa na sama da shi. A ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Wa'adin wannan koke gajere ne, ana lissafa shi daga ranar da aka sanar da hukuncin ko aka buga shi, kuma wanda ya bari ya wuce ƙararsa ta mutu ko da gaskiya tana gefensa. Shirun hukuma bayan wa'adinta ana ɗaukarsa a matsayin ƙi.

Na uku shi ne ƙarar neman soke hukunci saboda wuce gona da iri, wadda lauyoyi ke kira "recours pour excès de pouvoir". Hujjoji huɗu ake kafawa: wanda ya sa hannu ba shi da hurumi, ba a bi matakan da doka ta shimfiɗa ba, hukuncin ya saɓa wa doka ko ƙa'idar da ta fi shi, ko an yi amfani da iko don wata manufa dabam, misali a rufe shagon wani da sunan tsabta alhali ana son share wa abokin gasarsa hanya. Shigar da ƙara ba ya dakatar da hukuncin. Wanda yake son a dakatar sai ya nemi haka a buƙata ta musamman.

Ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta makiyaya mai rajista tana iya shigar da ƙara domin kare sana'ar mambobinta, kamar yadda ta Nevers ta yi a 1930. Wannan yana raba nauyin kuɗin lauya, yana kuma rage tsoron da mutum ɗaya kan ji na ja da hukumar da gobe zai koma wurinta neman wata takarda. Marasa hali suna iya tuntuɓar hukumar ANAJJ mai ba da taimakon shari'a, wadda aka kafa a 2011 kuma take da ofisoshi a manyan kotuna, har da ta Damagaram. Rikici tsakanin ƴan kasuwa biyu kuwa, irin na bashi ko saɓa alkawari, hanyarsa dabam ce: kotunan ƙasa ne ke yanke shi bisa dokar OHADA, ɗaukaka ƙara ta ƙarshe kuma tana kotun ƙungiyar a Abijan.

Abin da ya sauya tun 2023

Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ba duk wanda ke gaban kotu damar cewa dokar da ake son hukunta shi da ita ta saɓa wa tsarin mulki, sai a dakata har kotun tsarin mulki ta yi magana. An jingine kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kotun ƙoli ta sha'anin mulki, wadda ita ce ke sauraren ƙarar wuce gona da iri, ta koma cikin sabuwar Kotun Ƙasa da aka kafa a ƙarshen 2023, mai mazauni a Yamai. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, don haka ɗan kasuwa ba shi da kansilan da ya zaɓa wanda zai kai masa kuka kan kuɗin kasuwa. Tun 26 ga Maris 2025 ƙasar tana tafiya ne bisa kundin sake gina ƙasa.

A waje ma wata ƙofa ta rufe. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Kotun ƙungiyar da ke Abuja, wadda ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar a shari'ar bauta ta 2008, ba ta cikin hanyoyin da ɗan ƙasa zai bi da sabuwar ƙara. Kuma CEDEAO ce ƙungiyar da ta haɗa Nijar da Najeriya a tsarin ciniki ɗaya, ko da yake ta nemi mambobinta su ci gaba da karɓar kayan ƙasashen da suka fice bisa tsohon tsari har zuwa wani lokaci.

Abin da ya rage a hannun mai sana'a a Gure shi ne dokar gasa ta 2019, dokokin OHADA, hukumar UEMOA a Wagadugu, da ƙarar wuce gona da iri. Matakan gwamnati na ƙasa baki ɗaya, irin hana fitar da hatsi ko bisashe, suna da wuyar rushewa a kotu, domin alƙalin sha'anin mulki yakan ba hukuma fili in ta kafa hujja da wadatar abinci ko tsaro. A kansu, muryar ƙungiyoyin makiyaya da majalisar ƴan kasuwa ce ta fi saurin aiki. Ƙananan shingaye na cikin gari kuwa, kamar izinin da babu dokar da ta san da shi, kuɗin da ba a ba da rasit a kansa, ko rumfar da aka hana wani aka ba wani ba dalili, su ne doka ta fi ba talaka ƙarfi a kansu. Sau da yawa wasiƙa ɗaya mai hatimin karɓa, wadda ta nemi a nuna lambar dokar da aka dogara da ita, takan isa a warware maganar tun ba a bar Gure ba.